Rabin Raina da ɗigo uku

Ƙanin matata ne zai zana JAMB, kun san kuma tun 2015 jarabawar nan ta koma kan kwamfuta, ba fensir ba takarda, shi kuwa yaron in ban da dangwale-dangwalen waya bai taɓa riƙe maus da hannunsa ba. Sai Maman Ummi tace dan Allah in ara masa tsohon laftop ɗina ya riƙa gwaji kafin ranar. Nace haba, wannan ai ba abin roƙo bane, bari dai in ɗan share masa shirgin da ke ciki.

Laftop ɗin nan tokumbo ne, tun 2016 muke tare, batirinsa in an ɗauke wuta minti ashirin yake yi ya yi kalmar shahada. An yi masa fomatin ya kai sau huɗu amma kullum ɓangaren C na ma'ajiyar kwamfutar ake wankewa, shi ɗaya ɓangaren D ɗin nan ya zama kamar ɗakin shirgin gidan gado, ba mai shiga ba mai sharewa. Ranar Juma'a bayan Isha'i an kawo wuta, na baje a falo ina ta goge-goge, ita tana gefena da faranti tana tsinke zogale, hira muke abinmu lafiya lau. Ina cikin gangarawa ƙasa sai naji tace,

"Baban Ummi tsaya. Koma sama. Wannan fa?"

Folda ce, ruwan ɗorawa kamar kowace folda, amma sunanta Rabin Raina... haka da ɗigo uku a ƙarshe. Kwanan watan da ke gefenta 2017. Mu kuma 2021 aka ɗaura mana aure, kuma matata lissafi ta karanta.

Wallahi tallahi a wannan lokacin ban tuna ko meye a ciki ba. Nace mata ni ma ban sani ba, wanda duk magidanci ya san ita ce amsa mafi muni da za ka iya bayarwa ko da kuwa gaskiya ce. Tace to buɗe mu gani mana. Na danna sau biyu. Kwamfuta ta fito da wani ɗan akwati wai wurin da nake nema babu shi. Na sake dannawa, haka. Ta ajiye zogalen tace "au, har da kwaɗo ka sa mata."

Nan ne na tafka wautar da ta ja min komai. Maimakon in tsaya in yi tunani sai nace ai tarkacen banza ne bari ma in goge ta kowa ya huta. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to ni ban ma san ko akwai kazar ba amma na riga na zabura. Na danna dilit. Sai ga saƙo da Turanci wai ba a samu wannan abu ba, ba ya cikin D yanzu, in bincika inda yake in sake gwadawa. Jama'a ga folda ina kallonta tana kallona, matata na kallonmu mu duka biyun, amma wai ba a same ta ba. Na sake gwadawa ya fi sau goma, har da haɗa Shift da dilit. Na ja ta zan jefa kwandon shara ta ƙi. Na ce bari in canza mata suna ko zuwa Takardun Haya, nan ma ta ce ba ta nan.

Maman Ummi ta miƙe ta ɗau farantinta tace "ita kwamfutar ma ta san riƙon amana. Sai da safe Yallaɓai." Duk ranar da na tashi daga Baban Ummi na koma Yallaɓai to na san gari ba lafiya.

Daren nan ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu. Na kashe na kunna, tana nan. Na tuna an taɓa ce min in fayil ya ƙi gogewa wani lokaci wata manhaja ce ke riƙe da shi a ɓoye, sai ka shiga Task Manager ka kashe ta, kuma gaskiya ne wannan yana faruwa, sai dai ba shi ne ciwona ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc, jerin abubuwa suka fito wanda ban san ko ɗaya ba, na fara kashe su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kashe sauro, har na iso kan wani wai explorer.exe na ce kai ma ka yi kama da mara gaskiya. Ina kashe shi komai ya ɓace. Ba folda, ba layin ƙasa, ba komai, allo wayam. Na ɗan yi murna ta daƙiƙa biyu kafin na gane garin gyaran gira na tsone ido. Na danne maɓallin kunnawa har ya mutu, ya dawo, na leƙa D gabana na faɗuwa, ga Hajiya nan zaune daram da ɗigonta uku.

Asabar da safe na kai ƙara majalisar mai shayi. Kuskure na biyu kenan. Ba wanda ya damu da yadda za a goge folda, kowa tambayarsa ɗaya, wacece? Wani yace bairos ne irin wanda ake kwasowa a filash in an je buga takarda. Wani yace in yi fomatin ɗin D gaba ɗaya, nace hotunan bikinmu da na sunan Ummi suna ciki, in na goge waɗannan na bar waccan tarihi ai gara in wuce tasha kawai in hau motar Zariya. Wani dattijo da ke gefe yana shan shayinsa bai ce komai ba sai da zan tashi, yace "ɗana, abin da ido ke gani hannu ba ya kamawa ai ba na kanikawa bane." Aka bushe da dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Na dawo na sa anti-bairos ya yi sikanin, yana kashi 80 da wani abu aka ɗauke wuta, batiri ya yi minti ashirin ɗinsa ya cika. Da yamma na sake daga farko, awa uku, ya gama yace kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Na shiga Safe Mode, wato ka riƙe Shift ka danna ristat ka bi wasu shuɗayen shafuka, Windows ya tashi da ƙyar ba kwalliya kamar mai zazzaɓi, na danna dilit, amsar dai ita ce ta jiya. A gida kuwa ba faɗa ba zagi, ai da ma faɗan aka yi da ya fi sauƙi. Abinci ana kawo min a kan lokaci amma ana dire shi ne kamar ana ajiye wa ɗan haya. Ta zo wucewa ta leƙo allon tace "rabin ran naka bai fita ba har yanzu? Allah sarki, ai fitar rai da wuya." Ranar Lahadi ƙanin nata ya zo karɓar laftop tace masa "Yayanka bai gama sallama da mutanen ciki ba, ka dawo jibi."

Litinin na nemi uzuri a wurin aiki, na saka laftop a jaka, na fito Kawo nan Kaduna na hau bas ɗin Kasuwa. Na sauka wajen Kasuwar Gumi na shiga wani shagon masu gyara a ɗaya daga cikin layukan da ke bayan Ahmadu Bello Way. Ogan shagon ko sauraron ƙarshen bayanina bai yi ba, ya kara kunne a jikin laftop kamar likita yace hadis ɗin, wato ma'ajiyar kwamfutar, ne ya kusa mutuwa, in sayi sabuwar ma'ajiya irin ta SSD ya sa min, yana da mai kyau. Nace Oga ni folda ɗaya ce matsalata. Yace ai daga folda ɗaya ake farawa.

Akwai wani yaronsa a lungu, ba zai wuce shekara sha shida ba, yana cin awara a leda. Ya miƙo wuya ya kalli allon, ya goge hannu a wando yace "Yallaɓai ka taɓa sa Linux a injin nan?"

Kamar an kunna min fitila a ka. 2017, ina poli, wani abokina ya saka min Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, kishiyar Windows, a gefen Windows, na yi wata biyu ina buɗe laftop a gaban mutane don su ga allona ba irin nasu bane, alhali ko firinta ban iya haɗawa da shi ba, daga baya na sa aka cire. Kuma a watannin nan biyu ne akwai wata yarinya a ajinmu mai zama a layin gaba... to. Na tuna.

Yaron yace matsalar ɗigon nan uku ne. Shi Linux ba ruwansa, ko me ka sa a ƙarshen suna zai karɓa ya rubuta. Shi kuwa Windows ba ya yarda sunan fayil ko folda ya ƙare da ɗigo ko da sarari, in ka ba shi irin wannan sunan sai ya yanke wutsiyar kafin ya tafi nema. Wato duk dilit ɗin da nake dannawa, kamar ka aiki yaro ya kira maka Rabin Raina mai ɗigo uku ne, ya zubar da ɗigon a hanya, ya je yana sallama ana ce masa babu mai wannan sunan a gidan nan. Ba ƙarya yake min ba da yace bai same ta ba. Yace akwai ma sunayen da ya haramta tun zamanin DOS, kakan Windows, in gwada buɗe sabuwar folda in sa mata CON ko PRN ko NUL in gani. Na gwada CON, ya ƙi. Shekara nawa ina amfani da kwamfuta sai yaro mai awara ne zai koya min wannan.

Ya buɗe baƙin allon nan da ake kira cmd, yace in ka fara adireshin da \\?\ to ka ce wa Windows ya ɗauki sunan yadda yake kar ya taɓa masa ko ɗigo. Yace "mu fara duba abin da ke ciki ko?" Kafin in ce a'a ya rubuta dir da adireshin ya danna Enter. A lokacin Oga da wasu kwastomomi biyu duk sun zagaye mu, har da mai sayar da caja na shagon gaba.

Fayil ɗaya ne tal. Sunansa wasika.txt. Girmansa 0.

Yaron yace "Yallaɓai sifili ne fa. Ko sallama ba ka rubuta ba."

Shagon ya kaure da dariya, mai caja har da riƙe ciki. Kuma haka aka yi, na tuna daren sarai, na buɗe folda na raɗa mata suna har da ɗigo uku don a san abin ya yi zurfi, na buɗe wasiƙa, na zauna ina tunanin da Hausa zan fara ko da Turanci har barci ya kwashe ni. Yarinyar har muka gama makaranta ba ta san sunana ba.

Kunya ta sa na ce masa goge ta, goge ta yanzu. Yace "ka tabbata? Wannan ba ya zuwa kwandon shara fa, in ta tafi ta tafi." Nace goge! Ya rubuta rd /s /q da adireshin cikin alamar zance, ya danna. Ko ƙara ba ta yi ba. Abin da ya hana ni barci kwana uku ya tafi cikin ƙiftawar ido. Oga ya karɓi dubu biyu ya zura a aljihu yana cewa har yanzu dai hadis ɗin nan bai kwanta masa ba, ni kuma na damƙa wa yaron ɗari biyar a ɓoye.

Sai da bas ta kawo Unguwan Sarki sannan wani abu ya faɗo min. Ban ɗauki hoton allon ba.

Na shiga gida da fara'ar dole nace Maman Ummi albishirinki, an buɗe, babu komai a ciki, wasiƙa ce ko harafi ɗaya babu. Tace masha Allah, mu gani. Nace ai an goge. Ta dube ni ta dubi laftop, tace "ni cewa na yi ka buɗe, kai kuma ka ɗauke ta ka kai Kasuwa aka goge." Nace akwai shaidu, mutum biyar, bari in kira yaron ki ji daga bakinsa. Tace nawa ka ba shi? Nace ɗari biyar ne kawai na awara. Tace "to ka bar shi ya ci awararsa."

Ƙanin nata ya zo ya ɗauki laftop washegari. Na koma Baban Ummi ranar Alhamis, amma jiya ina wurin aiki saƙonta ya shigo, wai "Rabin raina... gas ya ƙare." Na ƙirga, uku ne cif.