Mai jita, gudun yatsu ba shi ne gwaninta ba

Ƙannena masu koyon jita, akwai abin da nake gani a bidiyoyinku na TikTok da Facebook da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Da zarar mawaƙi ya ja baki ya bar muku fili, wato an zo wurin solo, sai ku kwasa da gudu, yatsu na tsere a wuyan jita, ku zazzage duk abin da kuka iya cikin daƙiƙa 30. A tafa muku, ku ji daɗi. To ku ce wa wanda ya tafa ɗin ya rera abin da kuka kaɗa. Wallahi ba zai iya ba, don babu abin da ya zauna masa a kunne.

Solo magana ce. Mawaƙi ya faɗi nasa da baki, kai kuma an ba ka dama ka ƙarasa zancen da tsirkiya. Wanda ke zuba ba numfashi, ba waƙafi, ba a ce masa mai fasaha, surutu ake cewa ya cika.

Ku nemi kiɗan B.B. King, mutumin Mississippi ta Amurka da ya rasu a 2015. Da wuya ka ji yana rerawa yana kaɗawa a lokaci guda. Sai ya yi baiti, ya tsaya, jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa masa. Amsar kuma sau da yawa ba ta wuce sauti huɗu ko biyar ba. Sirrin yana wurin yadda yake danne tsirkiya ɗaya ya tura ta sama har sautin ya kai daidai inda yake so, sannan ya girgiza hannu sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai kuka. Wannan turawar, in ta gaza kaɗan ko ta zarce kaɗan, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu ya karkace. Kunne ke koyon wannan, ba yatsa ba. Kuma shirun da yake bari tsakanin amsa da amsa, shi ma cikin kiɗan yake. A nan mai sauraro ke haɗiye abin da ya ji.

Masu cewa sai sun sayi jita mai tsada da tarin na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa kafin kiɗansu ya yi daɗi, ku ji wannan. Django Reinhardt ya ƙone a gobara a 1928, yatsu biyu na hannun hagunsa suka shanye, da yatsu biyu kacal ya riƙa yin solo har ya zama abin koyi a kiɗan jazz na Faransa. Mdou Moctar na Nijar, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke. Mu da muka san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, ai bai kamata mu kawo wannan uzuri ba.

Kada a ce na haramta gudu. Mdou ɗin nan in ya saki hannu, sai ka riƙe baki. Amma shi da Bombino, wani mai jitar na Nijar, a wuraren bukukuwan Agadez suka goge, inda in ka kauce wa mai ganga, masu rawa za su tsaya cak su zuba maka ido. Saboda haka za ka ji sun ɗauki ɗan gajeren salo suna maimaitawa, suna ɗan juya shi, sai jini ya ɗauka sannan su ƙara wuta. Gudun yana zuwa ne bayan an gina masa wuri. Ku kuma da shi kuke buɗewa, shi ya sa ba ku da inda za ku hau daga baya.

Ga aikin da zan ba ku. Kafin ka taɓa tsirkiya, rera solon da bakinka. Abin da bakinka ya kasa rerawa, ajiye shi tukuna. Koyi karin waƙar kanta a jita har ka iya kaɗa shi yadda mawaƙin ke rerawa, daga nan ka fara yi masa kwaskwarima. Ɗauki kanka a waya, ka bari sai gobe ka saurara, lokacin da zumuɗi ya kwanta. Kuma don Allah a riƙa saita tsirkiya kafin a danna ɗauka, da yawanku ta ukun nan a sake take.