Ranar Duniya ta same mu a bakin sharar gona

Duk 22 ga Afrilu ana bikin Ranar Duniya, ranar da aka ware don kare doron ƙasa. Mu a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari takan same mu ne a tsakiyar bazara, ruwan rijiya ya yi ƙasa, awaki na laɓe a inuwar katanga, manoma sun fito da gatari da adda suna sharar gona kafin ruwan shuka.

Asalin ranar daga Amurka ne. A Janairun 1969 wata rijiyar mai ta fashe a teku kusa da Santa Barbara, a jihar Kalifoniya, ɗanyen mai ya malale gaɓar teku, dubban tsuntsaye suka mutu. Sanata Gaylord Nelson na jihar Wisconsin ya ga ɓarnar, ya yi kira ga ɗalibai da malamansu su ware yini guda don yin magana kan iska da ruwan da ake gurɓatawa. Ranar 22 ga Afrilun 1970 mutum kusan miliyan 20 suka fito, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatinsu ta kafa hukumar kare muhalli. Afrilu ya yi musu daidai ne saboda sanyi ya wuce, ɗalibai na makaranta, jarrabawa ba ta zo ba.

Abin da ya ba ranar ƙarfi shi ne mutanen sun kama ɓarnar da ke ƙofar gidansu. Mu kuwa muka ɗauko biki muka bar wannan. Na taɓa halartar dashen itatuwa a wata firamare a irin wannan rana: an dasa darbejiya a ƙasa mai zafi kamar kasko, kowace an zuba mata ruwa buta guda, ba shinge. Kafin mako biyu wadda rana ta bari akuya ta ƙarasa. Abin ya yi mini ciwo, don yaran da suka yi haƙar da gaske suke. Lokacin dashe a ƙasarmu sai damina ta kankama, Yuli zuwa Agusta, kowace tsohuwa ta san haka.

Amma Afrilu na da nasa aikin, kuma ya fi dashe sauƙi. A lokacin ne muke sare duk tohon da ya fito daga kututturen gawo, kalgo, sabara, aduwa da magarya, mu tara mu cinna wuta. Waɗannan kututturai suna da rai, saiwarsu ta riga ta kai ga laima. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, cikin 'yan shekaru bishiya ta tsaya, ba ban-ruwa, ba kuɗin iri. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram haka suka yi tun shekarun 1980, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5.

Na san abin da za a ce: inuwa na kashe gero. Gaskiya ne ga wasu itatuwa, shi ya sa ake rage rassa. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganyensa, ganyen ya zama taki ga ƙasa, da rani ya yi ganye da 'ya'ya ga dabbobi. Ku duba geron gindin gawo ku kwatanta da na fili.

Babban cikas shi ne tsoro. Manomi ba zai reni bishiyar da mai gawayi zai sare da dare ba, ko wadda za a ci shi tara in ya taɓa reshenta. A Nijar abin ya kankama ne da manoma suka tabbata bishiyar gonarsu tasu ce. Wannan magana dagatai da masu unguwanni da ƙananan hukumomi za su iya yanke ta a zama ɗaya, limamai su maimaita a huɗuba kafin shara ta fara.

Bana na iske kawuna ya ɗaga gatari kan wani tohon gawo. Na ce, "Kawu, don Allah a bar mini wannan." Ya dube ni, ya dubi tohon, ya ce, "To, kai za ka riƙa tsare shi daga awaki." Na kewaye shi da ƙayar magarya, yanzu ya kai mini ƙugu.