Rabin maki ba ya cika shago da kaya

Tun da Babban Bankin Najeriya ya rage kuɗin ruwa daga kashi 27.5 zuwa kashi 27 cikin ɗari a Satumbar 2025, wasu masu sharhi suka kama waƙa ɗaya: wai sauƙi ya zo wa ƙananan 'yan kasuwa. Wane sauƙi? Kafin wannan adadi ya iso hannun mai shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, banki ya ɗora ribarsa da kuɗin takardu, abin ya doshi kashi 30. In ma an ba shi bashin ke nan.

Abin da ke durƙusar da ɗan kasuwa a Kaduna shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da ya fitar da kuɗi da ranar da kuɗinsa za su dawo. Ɗauki mai walda a Panteka da aka ba aikin ƙofofi da tagogin wata makaranta. Mai ƙarfe ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi a hannu, yaran aiki suna jiran sallama, ga man janareta, shi kuwa mai aikin ba zai biya ba sai bayan wata biyu ko uku. Aikin da riba a cikinsa, amma babu jarin juyawa da zai riƙe shi zuwa ranar biya. Haka mai kiwon kaji: kullum sai ya zuba abinci, har mako shida ko bakwai kafin ya sayar da ko guda.

Da can masu sari ne ke toshe wannan giɓi. Ka ɗauki kaya, ka sayar, ka kawo kuɗi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira kasuwa ta yanka mata farashi a watan Yuni sun karya wannan amana, domin wanda ya ba ka buhu bashi yau bai san nawa zai sayo madadinsa ba ranar da ka biya. Kowa ya kama nasa.

To me ake kawo wa mutane a madadi? Taron horaswa a otal, da tallafin naira dubu 50 irin wanda gwamnatin tarayya ta raba a 2024. Wanda ya shekara ashirin a Kasuwar Barci ba koyon ciniki yake nema ba, kuma dubu 50 ko kuɗin motar kayansa daga Legas ba za ta biya ba. Ana shafa wa mai ciwon ciki man zafi a goshi.

Bankuna za su ce 'yan kasuwa ba sa rubuta lissafi, kuma ba sa biyan bashi. Wannan uzurin malalaci ne: cinikin da ke bi ta na'urar POS da tiransifa a asusunsu yake faɗawa, suna ganinsa. Gaskiyar ita ce bai wa gwamnati bashi ya fi musu daɗi, riba mai tsoka ba tare da sun taka kasuwa ba. Tun 2017 akwai dokar da ta halatta jinginar da kaya, injin ko mota, har da rajistar irin wannan jingina, amma har gobe bashin wata uku sai an tambaye ka takardar mallakar fili. Wanda ya rasa sai ya faɗa hannun manhajojin bashi na waya, masu tozarta mutum a wajen danginsa in ya yi jinkirin kwana biyu.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da aka yanka tun farko. Ta dace da mutanenmu, sai dai ta sauko daga manyan 'yan kasuwa zuwa mai rumfa, ƙungiyar kasuwa ta tsaya masa. Takardar odar aiki ko kaya kuma a karɓe ta a matsayin jingina. Hukumomin gwamnati su ma su riƙa biyan ƙananan 'yan kwangila cikin wata guda, domin duk ranar da fayil ya kwana a teburi, wani ne ke biyan ruwa a kansa.