Tawali'u ba raina kai ba ne

Akwai wata fahimta da ta daɗe tana damuna. Kiristoci da dama suna ɗauka mai tawali'u shi ne wanda kullum yake cewa shi ba kome ba ne, yana ɓoye baiwarsa, yana haɗiye duk wulaƙancin da aka yi masa. Niyyarsu mai kyau ce, gudun girman kai suke yi.

Amma a duba Yohanna sura 13. Kafin Yesu ya yi ɗamara ya wanke ƙafafun almajiransa, an rubuta cewa ya san Uba ya danƙa kome a hannunsa. Da ya gama kuma, ya ce musu daidai ne da suke kiransa Malam da Ubangiji. Yana sane da matsayinsa ya durƙusa.

Tawali'u shi ne mutum ya ga kansa yadda yake a gaban Allah, da zunubinsa da kuma baiwar da aka ba shi. A nan ya haɗu da tsarki, domin tsarki aikin alherin Allah ne a cikin mutum, kuma Yakubu 4:6 ta ce masu tawali'u Allah yake ba alheri. Mai yawan kushe kansa kuwa, sau da yawa hankalinsa yana kan kansa ne har yanzu, bai koma ga Allah ba.