A bakin kabarin Hurrem aka tambaye ni matan fadarmu

Ranar Asabar da ta wuce maƙwabciyata ta ja ni zuwa Masallacin Sulaimaniyya. Dattijuwa ce ta haura saba'in, muna ce mata Teyze, wato inna da Turkanci, ita kuwa ba ta kirana da komai sai "'yata". Shekarata shida a Santambul, na sha yin salla a masallacin nan, amma ban taɓa zagayawa bayan alƙibla inda maƙabarta take ba. Wuri ne mai sanyi da inuwa. Duwatsun kaburbura farare a tsaitsaye, an sassaƙa wa wasu rawani a ka, kyanwoyi na barci a tsakaninsu. Ƙubba biyu ne a ciki, babbar ta Sarki Sulaiman, sarkin daular Turkawa ta da, ƙaramar ta matarsa Hurrem. A bakin ƙofa ake cire takalmi, gefe da gefenta an manna tangaran mai shuɗi da zanen bishiya ta yi fure. Gini a kan kabari bai taɓa kwanta mini ba, ba haka muka taso ba, amma na shiga na yi wa mamatan addu'a.

Muna ciki gardama ta kaure tsakanin Teyze da matar ɗanta, ƙasa-ƙasa. Teyze ta ce makircin matar nan ne ya ci Yarima Mustafa, ɗan Sulaiman da wata matar ta haifa masa. Surukar ta ce uban da ya haife shi ne ya sa aka shaƙe shi, a daina ɗora wa mace laifin namiji. Ka rantse wata 'yar unguwarsu ce da aka yi sadakar bakwai ɗinta jiya, alhali tun 1558 ta rasu. Sai Teyze ta waiwayo ta ce, "'Yata, ku fa? A fadar sarakunanku wace mace ake faɗa a kanta haka?" Na ce Sarauniya Amina. Ta ce, "Sai wa?" Na yi shiru. Har muka zauna cin wake a gidajen abincin da ke gaban masallacin ban samo suna na biyu ba, kuma a cikin birnin Kano aka haife ni.

Ba a makaranta Teyze ta san Hurrem ba. A talabijin ta san ta, cikin wasan kwaikwayon nan mai suna Muhteşem Yüzyıl da aka nuna daga 2011 zuwa 2014, kashi 139. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne baiwa ce aka kawo daga yankin da yanzu ke cikin Yukren, Sulaiman ya 'yanta ta ya ɗaura mata aure, abin da sarakunan gidan suka daɗe da bari, ɗanta Salim ne ya gaji sarauta, kuma wasiƙun da ta rubuta wa mijinta yana fagen yaƙi suna nan a ajiye. An kashe Waziri Ibrahim a 1536, an kashe Mustafa a 1553. Tsakanin waɗannan turaku marubuta suka ɗaura nasu zaren: me ta raɗa wa sarki da dare, wa ta harara, wa ta zuba wa guba, yaushe ta yi kuka ita kaɗai.

Ba a ƙyale su ba. Ƙorafi sama da dubu 70 ya isa hukumar kula da talabijin tun a farkon wasan, a 2012 kuma Erdogan, yana firayim minista, ya fito ya ce Sulaiman ɗin da suka sani shekara talatin ya yi a kan doki, ba wanda ake nuna musu ba. Ni ma akwai inda nake kawar da kai, musamman suturar matan, don ban yarda haka matan gidan sarkin Musulmi suke yawo ba. Teyze kuma ta ɗauki rabin ƙagen nan tamkar a gabanta aka yi. Wannan illa ce, ban musa ba. Sai dai Teyzen nan ita ta faɗa mini Hurrem ta gina gidan ciyar da talakawa a Ƙudus, kuma unguwar Haseki da asibitinta daga laƙabin matar suka samo suna. Da aka nuna mutuwar Mustafa a 2014, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kabarinsa a Bursa. Ƙagen ya tsokano malaman tarihi suka fito suna gyara, gyaran kuma ya shiga kunnen tsohuwar da ba za ta taɓa buɗe littafinsu ba.

Daren nan ban yi barci ba sai da na nemo Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908. Ga ta nan, Madaki Auwa, uwar Sarki Abdullahi ɗan Rumfa. Littafin ya ce Abdullahi ya dawo daga yaƙi ya tarar Dagaci, wani basarake mai ƙarfi a birnin, na shirin tawaye, Auwa ce kaɗai ta tare fitinar saboda ƙarfin faɗa a jinta. Ya ce jikanta Kisoki ya mulki gari tare da uwarsa Iya Lamis da kakarsa Auwa da ɗan'uwanta Guli. Kisoki ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565, Sulaiman daga 1520 zuwa 1566. Zamani ɗaya ke nan. Lokacin da Hurrem ke tufka da warwara a Santambul, akwai mata biyu a Gidan Rumfa suna riƙe da Kano. Mace ta kashe wutar tawaye sarki ba ya gari, ta yaya? Wa ta aika wa jakadiya, wa ta saya, wa ta tsorata? Layuka kaɗan ne, ba wanda ya faɗa mana sauran.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma ita na fara ba kaina. Turkawa sun rushe sarautarsu tun 1922, ba wanda zai kira marubuci fada. Mu sarakunanmu na kan gado, jikokin waɗanda za a taɓa suna raye, kuma mu mutane ne masu kunya da kara, ba ma kwance wa iyaye zani a kasuwa. Ina alfahari da wannan, kuma ba zan so a yi wa Mai Babban Ɗakin wani sarki abin da aka yi wa Hurrem ba. Amma gidan su Auwa ya bar mulki tun kafin kakannin kakanninmu, wace kunya ce ta hana mu ita? Amina kanta, da aka tashi yi mata babban fim a 2021, da Turanci aka yi shi. Marubutanmu sun iya kishi da makircin cikin gida fiye da kowa, littattafansu shaida ne, sai dai kullum gidan wani Alhaji ne mai mata uku. Ga fada da kuyanginta da sadakunta da babanninta, an bar ta sai kirari da hawan salla.

Goggona ta san cikin gidan sarki, don aminiyarta jakadiya ce. Tana yi mana kitso tana ba mu labarin wadda aka shigo da ita tana yarinya ta zama abin tsoro, da wadda ta haifi sarki amma ta mutu ba ta gan shi a kan gado ba. Da ta ji sallamar namiji sai ta ce bango yana da kunne, ta ja bakinta. Shekara uku ke nan da rasuwarta, ina nan, ban samu jana'iza ba, ban kuma taɓa ɗaukar muryarta ko a waya ba. Yanzu ko sunayen matan na kasa tunawa.

'Yata mai shekara tara ta san 'ya'yan Hurrem ɗaya bayan ɗaya, a wajen ƙawayenta ta koya. Jiya da dare na ba ta labarin Auwa da Dagaci, cikin minti biyu abin da ke littafi ya ƙare. Ta ce, "Umma, yaya kamanninta?" Na ce doguwa ce baƙa, tana da wushirya, tana son goro da turaren wuta, idan ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya. Sai da yarinyar ta yi barci na gane Goggo na siffanta mata.