Ina ungulun kwata suka tafi?

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a birnin Katsina ya san yadda kwata take da hantsi a da: ungulu jere bisa katanga, wasu a ƙasa suna kokawa da karnuka kan abin da mahauta suka zubar. Yau je ka duba. Daga hankaka sai shirwa ɗaya ko biyu, sai kuma baƙin hayaƙin tayar da ake babbaka kai da ƙafa da ita.

Ba a nan kaɗai ba ne. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin wannan ungulu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Masu kama ta don tsibbu suna da nasu kaso na laifin, haka masu zuba guba a mushe. Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne gubar da muke watsawa kullum ba da niyya ba, wadda ke cin duk mai fuka-fuki a garin nan, daga tantabarar soro har kurciyar da ke kuka a kan bedi.

Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne. Yana da jakunkunan iska da ke tura numfashi ya ratsa huhun ta hanya ɗaya, ko yana shaƙa ko yana fitarwa, don haka abin da ke cikin iska yakan shiga jininsa da sauri. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986: in ya faɗi, kowa ya san iska ta ɓaci, sai gudu. To mu namu kanarin suna kwana a bishiyar da ke saman janareta, suna shan hayaƙin bolar da aka cinna wa wuta da leda a ciki, balle lokacin hunturu da hazo ke danne hayaƙin ya hana shi tashi.

Kwanaki na ɗauki wata sheƙa da iska ta kayar a ƙofar gidanmu. Rabinta ciyawa, rabinta zaren buhu da guntun ledar fiya wata. Ɗan tsuntsun da ke ciki ya mutu, zaren ya naɗe masa ƙafa har ya nutse cikin nama. Na daɗe tsaye da ita a hannu. A birnin Meziko masu bincike sun tarar tsuntsaye na saƙa guntayen sigari a sheƙarsu. Tabar na korar ƙwari, amma tana lalata ƙwayoyin jinin 'ya'yan. A Leiden ta ƙasar Holan kuwa, an gano a 2003 cewa hayaniyar motoci na tilasta wa wani ɗan tsuntsu siranta muryarsa don 'yan'uwansa su ji shi.

Wani zai ce mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta tsuntsu? Na ji wannan, kuma ba na raina shi. Sai dai a tambayi Indiya. Maganin dabbobi mai suna diclofenac, da ungulu ke ci a jikin mushe, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunsu kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro. Ashe aikin tsafta ungulu ke yi mana kyauta, muna ƙyamar ta.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A sama wa mahauta murhun gas su bar taya, don naman ma cikinmu yake shiga. A riƙa kwashe bola kafin wani ya gaji ya kunna mata ashana. Tsofaffin tsamiya da kuka da suka rage a cikin ganuwa, a bar su tsaye ko da za a gina shago. Sannan ɗaliban kimiyyar halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su fara ƙidayar tsuntsayen gari unguwa-unguwa, daga Gobarau zuwa Ƙofar Ƙaura, su fara da sheƙar shamuwa in damina ta faɗi.