Mai ɗauke motar haya ba izini don ya kai fasinja: kurkuku ba maganinsa ba ne

A shekarar 1981 'yan sandan birnin New York na Amurka suka kama wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Darius McCollum, bayan ya tuƙa jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin birnin ɗauke da fasinjoji, ba tare da ko ƙwarzane ya sami kowa ba. Ma'aikatan jirgin ne suka koya masa aikin tun yana ƙarami, lokacin da yake gudun makaranta yana wuni a wurinsu. Daga ranar an kama shi fiye da sau talatin, kuma kusan shekara ashirin na rayuwarsa a gidan yari suka ƙare, kullum a kan abu ɗaya: ya sa kayan ma'aikata, ya hau jirgi ko bas, ya yi aikin da ba a ɗauke shi ba. Likitoci sun tabbatar yana da wani nau'i na galahanga da ake kira Asperger. A 2015 ya sake ɗaukar wata bas ta kamfanin Greyhound, sai a 2018 kotu ta tura shi asibitin masu taɓin hankali mai tsananin tsaro.

Na kawo labarinsa ne saboda irinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya saba da Tashar Dukku ko harabar Gombe Line ya san mutumin da ba direba ba ne, ba kwandasta ba, ba kuma ɗan kamasho ba, amma tun asuba yana nan yana kiran fasinja, ya san lambar kowace mota da ƙarar injinta, ba ya neman ko sisi. Ana tsokanarsa, ana aikensa, wani direban ma ya ba shi makulli ya tayar da mota don a yi dariya. Ranar da sha'awar ta rinjaye shi ya ja motar ya fita da ita, waɗanda suka koya masa ne za su fara ihun ɓarawo, kuma mun san abin da wannan ihun ke jawowa kafin 'yan sanda su iso.

Ba na cikin masu cewa tunda bai cutar da kowa ba a ƙyale shi. Motar haya amana ce ta rayukan mutane, kuma wanda ba shi da lasisi, ba a gwada lafiyarsa ba, bai kamata ya riƙe sitiyari ba ko da ya fi direban iya tuƙi. Mai motar ma yana da haƙƙi, domin wataƙila bashi ya ci ya saye ta. Abin da nake ja da shi shi ne maganin da ake ba matsalar. Hikimar ɗauri ita ce mutum ya ji jiki ya daina, wasu kuma su ji tsoro. To, mutumin da aka ɗaure sau da dama, yana fitowa ya koma tasha, ya riga ya nuna cewa abin da ke jansa ya fi ƙarfin tsoro. Ƙara masa shekaru ɓarnar kuɗin jama'a ce, ga cunkoson gidajen gyaran hali da akasarin mazaunansu masu jiran shari'a ne, ga kuma haɗa marar mugunta da waɗanda za su koya masa ita.

Matsalar dokarmu ita ce ta fi sanin gida biyu kawai. Sashe na 51 na kundin dokokin laifuka na Arewa (Penal Code) ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, amma irin McCollum ya san abin da yake yi, ya san haramun ne, kasa dainawa ya yi. Saboda haka sai ya faɗa sahun masu cikakken hankali a hukunta shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane gida na uku, wato safihi, wanda ba mahaukaci ba ne amma ba a sakar masa ragama. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a danƙa wa irinsu dukiya, sannan a wuri guda ta yi umarni a ciyar da su, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Hanawa da kulawa tare suka zo, mu ne muka riƙe ɗaya muka saki ɗaya.

Kayan aikin ma suna nan. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da zama ƙarƙashin sa ido, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya rage shi ne alƙalin majistare, idan aka kawo masa wanda ya maimaita irin wannan laifi ba don kuɗi ba, ya fara tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe kafin ya yanke hukunci, ya kuma ɗora wa wani daga danginsa alhakin kula da shi a rubuce.

Hukumar sufurin New York ba ta taɓa ɗaukar McCollum aiki ba, kuma a ganina nan aka yi babbar asara. Raba irin wannan mutum da tasha gaba ɗaya kamar raba kifi da ruwa ne, zai dawo ta ɓarauniyar hanya. Gara ƙungiyar direbobi ta NURTW ta ba shi aiki sananne mai ɗan albashi, rubuta sunayen fasinja ko wankin mota ko taimaka wa bakanike, a ƙarƙashin dattijo guda da zai riƙa ba kotu rahoto. Sharaɗin kuma ya hau kan direbobi kamar yadda ya hau kansa: duk wanda ya miƙa masa makulli, ko ya bar shi a jikin mota ya tafi shan shayi, ƙungiya ta ci shi tara.